Kati a hannu, amma sai ka biya tukuna

Duk wanda ya ce maka mai katin inshorar lafiya a ƙasar nan ba ya biyan kuɗin asibiti, to ɗayan biyu ne: ko bai taɓa kai mara lafiya asibiti da katin ba, ko kuma yana cikin masu cin abinci da tsarin. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na fi shekara goma sha biyar da katin nan, kuma abin da zan faɗa duk wani ma'aikaci mai iyali ya san shi. Shiru kawai muke yi, saboda mun saba ɗaukar haƙƙinmu kamar alfarma ake mana.

Tun 1999 aka yi dokar kafa NHIS, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami. Ba a fara aiki da ita ba sai a watan Yunin 2005, zamanin Obasanjo, aka fara da ma'aikatan tarayya. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka ce yanzu inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane ɗan ƙasa. Wajibi fa! Amma bayan shekara ashirin ana abu ɗaya, waɗanda ke cikin tsarin ba su wuce wajen miliyan 20 ba, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye. Mu ɗin nan 'yan tsirarun da ke ciki, da ake wa kallon 'yan gata, mu ma hannunmu bai fita daga aljihun ba.

Sai mutum ya fahimci yadda kuɗin ke tafiya sannan zai gane dalilin da ya sa fuskar mai bada kati ke sauyawa da zarar ka ce kai ɗan inshora ne. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke rajista da shi, ko ka zo ko ba ka zo ba. Da wannan kuɗin zai duba ka in zazzaɓi ne, ya yi maka gwajin jini, ya ba ka magani, kai kuma ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. Daga 2012 har zuwa 2024, kuɗin nan naira 750 ne. Shekara goma sha biyu bai motsa ba. A shekara guda naira 9,000 ke nan a kan mutum ɗaya. Lokacin da aka yanke shi dala ba ta kai naira 160 ba, wato ya kusa dala biyar. Zuwa 2024 bai wuce rabin dala ba. An ƙara shi a 2024, aka sake ƙarawa a watan Afrilun 2025 ya koma 1,450, kuma an yi ta yayata shi a jaridu cewa ƙarin kashi 93 ne. Gaskiya ne, ƙari ne, kuma wanda ya yi shi ya yi ƙoƙari. Amma 1,450 ɗin ma wajen dala guda ce kawai. Wanda aka rage wa tuwo daga malmala biyar zuwa rabi, aka dawo masa da guda, ba a ce masa an yi masa gata ba.

To ka sa kanka a matsayin mai asibiti. Kana da mutum dubu a rajista, a da ana ba ka 750,000 a wata, in ma kuɗin ya zo a kan lokaci. Man janareta ya ninka sau nawa, maganin da kake saye ya ninka, ma'aikata na neman ƙari. A ƙa'idar tsarin, ribarka tana cikin abin da ba ka kashe ba. Duk ɗan inshorar da ya shigo ƙofa ragin riba ne, duk mai kuɗi a hannu ƙarin riba ne. Wa za ka fara gani? Ba ina wanke asibitoci ba ne, zan zo kansu. Ina nuna cewa wanda ya bar 750 shekara goma sha biyu ya san sarai abin da zai biyo baya, kuma shi ba a layin yake ganin likita ba.

Daga nan ne kalmar nan da kowa ya haddace take fitowa: "Babu shi, sai dai ka saya a waje." Farasitamol akwai, maganin ƙarin jini na masu ciki akwai. Da zarar likita ya rubuta mai ɗan tsada, na hawan jini ko na suga ko maganin shaƙa na masu asma, sai a zagaye shi da biro a miƙo maka takardarka. Abin da ya fi ƙona rai, a wasu wuraren ka zagaya ɗaya tagar ta masu biyan kuɗi, maganin nan yana nan a jere. Tun da aka saki naira a 2023, kuma kamfanin GSK ya sanar da tattara komatsansa a watan Agustan shekarar, kowa ya ga yadda Augmentin da Ventolin suka yi tashin gwauron zabi. Mai ciwon suga ba sau ɗaya yake sayen magani ba, har ƙarshen rayuwarsa ne. Shi ne ya fi kowa buƙatar katin, shi ne kuma katin ya fi yi wa ƙarya.

Wannan duk ƙaramin abu ne a kan maganar lambar izini. In ciwo ya wuce na matakin farko, ana buƙatar tiyata ko hoto ko ganin babban likita, asibiti ba zai taɓa ka ba sai kamfanin HMO ɗinka ya turo lamba, alamar ya yarda zai biya. Mara lafiya na kwance, ma'aikacin tebur na tura saƙo, kai kana kiran lambar da ke bayan katinka. Ta yi ta ringin ba a ɗauka. In an ɗauka, sai wata murya mai sanyi ta ce ba su ga buƙatar ba, asibiti ya sake turowa. Asibiti ya ce ya tura tun safe. In ranar Juma'a da yamma abin ya same ka, sai ka fara lissafin Litinin. Na taɓa tsayawa a kan ƙanin wani abokin aikina da ciwon ciki ya turnuƙe shi, likita ya ce sai an yi aiki a daren. Daga la'asar har bayan isha'i ana jiran lamba. Daga ƙarshe wata nas ta ja yayan gefe ta ce, "Malam, in kana da hali ka biya kawai, wannan jiran ba zai yi masa kyau ba." Ya ce, "Sista, to katin fa?" Ta ce, "Katin yana nan, in an gama sai ka bi kuɗinka." Aka yi karo-karo a cikinmu, aka biya, aka shiga da yaro. Lambar ta iso washegari da hantsi.

Hukumar NHIA ta san da wannan, don ta fitar da umarni cewa daga 1 ga Afrilun 2025 dole HMO ta bada lamba cikin awa guda, in kuma ta ƙi ta faɗi dalili, sannan a lamarin gaggawa asibiti ya fara aiki ba sai ya jira ba. Umarni mai kyau. Tambayata ita ce, ma'aikata nawa ne suka san da shi? An manna shi a bangon asibiti nawa? In awa ta cika ba lamba, wa mai jinya zai kira da ƙarfe goman dare ya amsa masa?

Dokokin ai ba su ne muka rasa ba. Dokar lafiya ta ƙasa da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, sashe na 20, ta ce ba a yarda wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ya hana mutum kulawar gaggawa ba saboda kowane irin dalili, kuma wanda ya saɓa akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A 2017 aka yi wata dokar da ta ce wanda aka harba a karɓe shi ko babu takardar 'yan sanda, ko babu kuɗin kafin alƙalami. Yanzu ka je ɗakin gaggawa da mace tana zubar da jini ka karanta musu sashe na 20 mu gani. Abin da za a fara miƙo maka takarda ce: safar hannu, sirinji, ƙarin ruwa, ledar jini, kuɗin gado. Tarar 100,000 kuma, wasu asibitocin kuɗin da suke nema a ajiye kafin a ba da gado ya fi ta. Shin kun taɓa jin an ɗaure wani a kan sashen nan? Ni dai ban taɓa ji ba.

Sai kuma "ka bi kuɗinka". Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowacce laushi. Za a ce ka kawo rasit na asali, ka kawo rahoton likita, ka kawo takardar tura ka daga asibitinka na farko, ka rubuta takardar neman a mayar maka. Ka kai, a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ka koma, a ce rasit ɗin kyamis ba shi da hatimi. Ka koma, a ce ai tun farko bai kamata ka biya ba tare da lamba ba, don haka laifinka ne. Wato in ka jira lamba ɗanka ya galabaita, in ka biya kuma ka karya ƙa'ida. In Allah ya taimake ka aka amince, da farashin hukuma za a yi lissafi, ba da abin da ka biya ba. Abokin nan nawa wata biyar ya yi yana zarya, abin da ya dawo masa bai kai rabi ba, kuma kuɗin motar da ya kashe ba wanda ya lissafa. Yawancin mutane ba sa ma farawa. Kuma duk wanda ya haƙura, kuɗinsa bai ɓace ba fa, yana nan a asusun wani.

Mutane kan tambaye ni a ofis wanne ya fi, na tarayya, ko na jiha, ko na kamfani. Ga abin da na gani.

Na tarayya, a takarda, ya fi kowanne sauƙi da faɗi. Yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Awon ciki, haihuwa, tiyatar haihuwa, kwanciya asibiti, duk suna ciki. Amma ka duba inda ya tsaya. A ƙa'idojin da aka daɗe ana aiki da su, manyan hotuna irin su CT da MRI rabi ake biya maka, wankin ƙoda kuma zama shida ne. Wanda ƙodarsa ta mutu sau biyu ko uku ake masa wanki a sati. Zama shida bai kai shi wata guda ba. Daga nan sai a fara sayar da fili, sai a fara ganin hotonsa a Facebook da lambar asusu a ƙasa. A yankin da kowa ya san labarin ciwon ƙoda a Gashuwa da Hadeja, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu kuwa, duk wanda ya zana wannan bai yi tunanin gidajenmu ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, wa zai rubuta, wa zai bari? Na san gidan da sunan uwargida ne a kati, amarya kuma ita ke haihuwa. An ce za ka iya ƙara mutum ka biya daban, gaskiya ne, amma mai matakin albashi na shida da me zai ƙara? Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani ba a faɗa: ana kai Sadiya asibiti da sunan Maryam. Fayil ɗaya, yara uku, rukunin jini daban-daban. Haɗari ne babba, kuma tsarin ne ya koya wa mutane shi. Iyaye ma, da su ne nauyin farko a kan kowane ɗa a wajenmu, kuma su ne masu hawan jini da ciwon ƙafa, ba sa ciki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ranar ritaya. Ka yi shekara 35 kana aiki, lokacin da jikinka ke da ƙarfi ba ka cika zuwa asibiti ba, asibiti yana karɓar kuɗin wata-wata da sunanka. Ka cika shekara 60, ido ya fara hazo, fitsari ya fara wahala, sai sunanka ya fita daga jerin ma'aikata, katin ya mutu. In kana so ka ci gaba sai ka nemi tsarin da za ka riƙa biya da kanka, daga fanshon da bai fara zuwa ba. Ko adashe ne, ba a korar mutum ranar da kwasarsa ta zo.

Na jihohi kuma, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, su ne suka fi kusa da talaka, kuma na yaba da hikimar kiran abin taimakekeniya, don kalmar inshora tana da nauyi a kunnen mutanenmu ta fuskar addini. A nan ma'aikaci yana ganin yankan a takardar albashinsa duk wata, don haka zafin ya fi. Matsalarsu ɗaya ce babba: iyaka. Katin jiharka a asibitocin da hukumar jiharka ta yi yarjejeniya da su yake aiki. Ciwo ya kama ka a hanyar Abuja, ko ɗanka yana karatu a wata jiha, ka koma mai biya daga aljihu. Sannan tambayar da ya kamata kowace ƙungiyar ƙwadago ta jiha ta riƙa yi duk wata: an yanki na ma'aikaci, to gwamnati ta zuba nata kason? An tura wa asibitoci? Yaushe?

Akwai GIFSHIP na tarayya don wanda ba ma'aikaci ba, ɗan kasuwa ko mai sana'a. Da naira 15,000 a shekara a kan mutum guda aka fara, yanzu ya haura 30,000. Duk da haka in ka kwatanta da kuɗin tiyatar haihuwa guda ɗaya, yana da araha. Sai dai layin da za ka shiga shi ne dai layinmu.

Na kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda bankuna da kamfanonin waya ke yi wa ma'aikatansu, a nan ne ake ganin fara'a. Sun kasa shi hawa-hawa, kowane hawa da jerin asibitocinsa da iyakar abin da za a kashe maka a shekara. Mai babban hawa ba ya bin layi. Amma kafin ka saya wa kanka, ka karanta ƙananan rubutun nan da ake turawa ƙarshen takarda. Yawanci ciwon da ka shigo da shi ba a ɗaukarsa da wuri, haihuwa da tiyata sai ka yi watanni kana biya kafin su buɗe maka, kuma in ka cinye iyakarka tsakiyar jinya, a nan za a tsaya. Wani abin lura, sau da yawa kamfanin HMO ɗin da ke amsa wayar ma'aikacin banki cikin minti biyar shi ne wanda ke barin ma'aikacin gwamnati har dare. Ashe iyawa ba ita ce matsalar ba. Wancan in an ɓata masa zai sauya kamfani, mu kuwa ma'aikatarmu aka ɗaura wa kamfanin, ba a tambaye mu ba.

Ba yau aka fara wannan faɗan ba. Farfesa Usman Yusuf da aka naɗa shugaban hukumar a 2016 ya fito fili ya zargi kamfanonin HMO da riƙe kuɗin asibitoci. Ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya dakatar da shi a 2017 bisa wasu zarge-zarge, Buhari ya dawo da shi a farkon 2018, hukumar gudanarwa ta sake dakatar da shi a ƙarshen shekarar, a 2019 aka sallame shi. Ba na nan don in yanke hukunci tsakaninsu. Abin da na sani, an yi shekara biyu ana kokawa a kan kujera, tambayar da ya ɗaga kuma ta kwanta: mene ne amfanin dillali tsakanin hukumar da ke da kuɗi da asibitin da ke da mara lafiya? In aikinsa tace buƙatu ne da hana asibitoci cuwa-cuwa, to a auna shi a kan aikin. Don asibitoci ma ba waliyyai ba ne. Akwai masu rubuta gwajin da ba su yi ba, akwai masu karɓar kuɗi a hannunka su kuma sake cajin HMO a kan abu guda.

Na san akwai masu cewa a rushe abin baki ɗaya, a ba kowa kuɗinsa a albashi ya ji da kansa. Ban yarda ba ko kaɗan. Kuɗin da za a ƙara maka a wata shinkafa za ta cinye shi, ranar da tiyata ta zo ba ka da ko sisi. Na ga masinja a ofishinmu da aka yi wa matarsa aiki aka ciro tagwaye, abin da ya biya bai taka kara ya karya ba. Ba don katin ba da sai ya sayar da babur ɗinsa. Abin yana aiki in an ga dama, shi ya sa rashin aikinsa ke da ciwo. Ghana ma da ta fara nata a 2003 zamanin Kufuor, ta ɗora shi a kan harajin kashi 2.5 na kayan saye don kowa ya zuba, tana fama da jinkirin biyan asibitoci, amma kason mutanenta da ke ciki ya ninka namu nesa ba kusa ba. Mu da aka zo har Abuja a 2001 aka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yau wajen kashi 5 muke yawo.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka. In awa guda ta cika HMO ba ta amsa ba, a ɗauka ta amince, asibiti ya yi aiki, hukuma ta cire kuɗin daga kason kamfanin. Duk maganin da ke cikin jerin hukuma aka ce babu, asibitin ya buga hatimi a takardar cewa babu, shi zai mayar wa mara lafiya kuɗinsa, ba mara lafiya ne zai yi ta yawo ba. Duk wata a wallafa ranar da aka tura wa kowace HMO kuɗi da ranar da ita ta tura wa asibiti, mu ga a hannun wa yake kwana. Kuma a bar ma'aikaci ya zaɓi kamfaninsa da kansa, ya sauya in ya ga dama.

Shugabannin ƙwadago kuma, ranka ya daɗe Kwamared, kun iya rufe sakateriya a kan mafi ƙarancin albashi, mun gode. Amma 70,000 ɗin da aka samu a 2024, kwana uku a gadon asibiti ya cinye ta. Yaushe rabon da reshen ƙungiya ya kira wakilin HMO gaban ma'aikata ya amsa tambayoyi? A kowace ma'aikata akwai jami'in da aka ɗora wa kula da harkar inshora, da yawanmu ko sunansa ba mu sani ba.

Mu kuma 'yan uwa ma'aikata, daga yau duk wanda aka ce wa babu magani, ya ɗauki hoton takardar. Ya rubuta lokacin da aka nemi lamba da lokacin da ta zo. Ya riƙe rasit, ko na naira 500 ne. NHIA tana da ofis a kowace jiha, kuma tana karɓar ƙorafi a rubuce. A kai, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, a ba sakataren ƙungiya kwafi guda ya tara a fayil.